Sin da Pakistan: tambayoyi da amsoshi kan abotar da ta haura shekara 70

Duk lokacin da shugabannin Sin da na Pakistan suka haɗu, sai an ji kirarin da suka saba yi wa dangantakarsu, cewa ta fi duwatsu tsawo, ta fi teku zurfi, ta kuma fi zuma zaƙi. Ɗaya ƙasa ce ta kwaminisanci da jam'iyya guda ke mulki, ɗayar kuwa jamhuriyar Musulunci ce da aka kafa da sunan addini. Ga tambayoyin da masu bibiyar lamarin suka fi yi.

Yaushe aka fara wannan hulɗa?

Pakistan ta amince da gwamnatin Mao Zedong a watan Janairun 1950, watanni kaɗan bayan kafa ta, kuma ita ce ta fara yin haka cikin ƙasashen Musulmi. An ƙulla hulɗar jakadanci ranar 21 ga Mayun 1951. Sai dai a shekarun farko babu wani ɗasawa da suke yi. Pakistan ta shiga ƙawancen soja na SEATO a 1954, wanda Amurka ta shirya musamman don taka wa kwaminisanci birki a Asiya, ta kuma shiga ƙawancen Bagadaza a 1955. A lokacin Indiya ce ke takama da amincin Beijing. A taron Bandung na 1955 Firaministan Pakistan Muhammad Ali Bogra ya gana da takwaransa na Sin, Zhou Enlai, ya nuna masa cewa ba don Sin ƙasarsa ta shiga waɗancan ƙawance ba. Zhou ya karɓi bayanin, aka rabu lafiya, amma magana ba ta wuce nan ba.

To me ya haɗa kansu daga baya?

Indiya. Duk wani bayani da za a kawo yana bayan wannan.

Dalai Lama ya gudu daga Tibet zuwa Indiya a 1959, rikicin iyaka ya tsananta, har aka gwabza yaƙi tsakanin Sin da Indiya a ƙarshen 1962, Indiya ta sha kashi. Amurka da Birtaniya suka yi gaggawar tura wa Indiya makamai. Wannan ya ɓata wa Shugaba Ayub Khan rai ƙwarai, domin a ganinsa Pakistan ce ta ɗauki kasadar zama ƙawar Turawa, amma ga shi ana ɗaura wa abokiyar gabarta ɗamara. Ministan harkokin wajensa, Zulfikar Ali Bhutto, shi ya fi kowa matsa lamba a juya ga Beijing. Ranar 2 ga Maris 1963 shi da takwaransa Chen Yi suka sa hannu kan yarjejeniyar shata iyaka. Indiya ba ta taɓa amincewa da ita ba, tana cewa Pakistan ta yi kyauta da kwarin Shaksgam, fili mai faɗin murabba'in kilomita 5,180 na Kashmir wanda ba nata ba ne. Pakistan kuwa ta ce ita ma ta samu wuraren kiwo da a da suke hannun Sin, kuma an rubuta cikin yarjejeniyar cewa za a sake duba ta ranar da aka warware rikicin Kashmir. Ranar ba ta zo ba tukuna.

A 1964 kamfanin jiragen sama na Pakistan, PIA, ya fara zirga-zirga zuwa Sin, a lokacin da ƙasar ke rufe ga mafi yawan duniya. Shekara guda bayan haka Indiya da Pakistan suka yi yaƙi, Amurka ta dakatar da sayar wa dukkansu makamai. Pakistan ce ta fi jin jiki saboda kayan yaƙinta na Amurka ne. Sin ta cike giɓin da jiragen yaƙi samfurin F-6 da tankokin T-59.

Da gaske ne Pakistan ce ta sasanta Amurka da Sin?

Ta yi dillancin, kuma dillanci mai tsada. Shugaba Yahya Khan ne ya riƙa kai saƙo tsakanin Fadar White House da Beijing a asirce. A watan Yulin 1971 Henry Kissinger, mai ba Shugaba Nixon shawara kan tsaro, ya iso Pakistan, aka sanar wa 'yan jarida cewa ciwon ciki ya kama shi, zai je ya huta a Nathiagali, wani gari mai sanyi a kan duwatsu. Ayarin motoci ya tafi Nathiagali kamar gaske, shi kuwa kafin wayewar garin 9 ga wata ya shiga jirgin PIA ya nufi Beijing. Wannan tafiya ce ta share hanyar ziyarar Nixon a watan Fabrairun 1972. Har yau jami'an Sin kan ambaci wannan alheri idan sun tashi yabon Pakistan.

Abin da ba a cika haɗawa da labarin ba shi ne, a daidai waɗannan watanni sojojin Yahya Khan na zubar da jini a Gabashin Pakistan, wato Bangladesh ta yau, kuma amfanin da yake yi wa Washington na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Nixon ta kau da kai.

Sin ta taɓa yi wa Pakistan yaƙi?

Ko sau ɗaya. Wannan na cikin abubuwan da kirarin zuma ke rufewa.

A yaƙin 1965 ta ba Indiya wa'adi kan wasu sansanoni a iyakar Sikkim, ta yi barazana, amma ba ta buɗe fagen daga ba. A Disambar 1971, lokacin da Indiya ta shiga yaƙin da ya raba Pakistan gida biyu, shugabannin soja a Rawalpindi sun sa ran dakarun Sin za su motsa daga arewa. Ba su motsa ba, Dhaka, babban birnin Gabashin Pakistan, ta faɗi ranar 16 ga wata. Taimakon ya zo ne daga baya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya: a Agustan 1972 Sin ta hau kujerar naƙi, karo na farko tun da ta karɓi kujerar, ta hana a karɓi Bangladesh a matsayin mamba. Sai 1974 Bangladesh ta shiga. A rikicin Kargil da aka yi da Indiya a 1999 ma Firaminista Nawaz Sharif ya je Beijing neman goyon baya, ya dawo da shawarar a sasanta.

Babu yarjejeniyar kare juna tsakaninsu. Wadda suka sa wa hannu a 2005, lokacin ziyarar Firaminista Wen Jiabao, ta abota ce da maƙwabtaka, inda kowace ta yi alƙawarin ba za ta shiga ƙawancen da zai cutar da 'yancin ɗayar ba. Sin na ba da makami, tana ba da kariya a Kwamitin Sulhu, kamar yadda ta yi shekaru tana hana a sa sunan Masood Azhar, shugaban ƙungiyar Jaish-e-Mohammed da Indiya ke zargi da kai mata hare-hare, cikin jerin 'yan ta'adda, har sai Mayun 2019 da ta janye. Sojanta dai tana riƙe da abinta.

Yaya girman hulɗar makamai yake?

Nan ne ƙashin bayan dangantakar. Cibiyar SIPRI da ke Sweden, mai bin diddigin cinikin makamai, ta ce kashi 81 cikin 100 na makaman da Pakistan ta shigo da su tsakanin 2020 da 2024 daga Sin suka fito. Babu ƙasar da ta kai Pakistan sayen makaman Sin.

Amurka ce ta ƙara tura ta can. A 1990, bayan sojojin Tarayyar Soviet sun bar Afghanistan, Washington ta ƙaƙaba wa Pakistan takunkumi saboda shirinta na nukiliya, ta riƙe jiragen F-16 da aka riga aka biya kuɗinsu. Hafsoshin Pakistan ba su manta ba. Daga nan aka ƙara himma kan ƙera jirgin yaƙi na haɗin gwiwa, JF-17 Thunder, tsakanin kamfanin Chengdu na Sin da masana'antar jiragen sama ta Kamra. Ya yi tashin farko a 2003, yanzu kuma shi ne ya fi yawa a rundunar saman Pakistan. An sayar wa Myanmar da Azerbaijan, kuma rundunar sojan saman Najeriya ta karɓi guda 3 a 2021, aka ƙaddamar da su a Makurɗi. Bayan wannan akwai jiragen J-10C da suka fara isa a 2022, da manyan jiragen ruwan yaƙi 4, da kwangilar jiragen ƙarƙashin teku 8 samfurin Hangor, waɗanda rabinsu a Karachi za a haɗa.

A watan Mayun 2025, da Indiya da Pakistan suka yi kwana huɗu suna musayar wuta, Pakistan ta ce jiragenta na J-10C sun kakkaɓo jiragen Indiya, har da Rafale ƙirar Faransa. Babban hafsan tsaron Indiya ya amsa cewa an yi asarar jirage, bai faɗi adadi ba. Ga masana'antun makaman Sin, waɗanda kayansu suka daɗe ba a gwada su a yaƙi na gaske ba, wannan talla ce da ba su biya ko sisi ba.

Ana cewa Sin ce ta ba Pakistan makamin nukiliya. Haka ne?

Beijing ta sha musantawa. Amma bayan Indiya ta yi gwajinta na farko a 1974, hukumomin leƙen asirin Amurka sun daɗe suna cewa Sin ta taimaka wa Pakistan da zanen bam da sinadarai. Da Libiya ta miƙa kayan shirinta na nukiliya a farkon 2004, an samu takardun zanen makami da rubutun Sinanci a jikinsu, waɗanda suka biyo ta hannun mutanen Abdul Qadeer Khan, masanin nukiliyar Pakistan. Pakistan ta yi nata gwajin a tsaunukan Chagai ranar 28 ga Mayun 1998. Wanda ba a jayayya a kansa shi ne na lantarki: Sin ce ta gina tashoshin nukiliya 4 a Chashma, da manya 2 a Karachi da suka fara aiki a 2021 da 2022.

Mene ne labarin hanyar Karakoram?

Ita ce hanyar mota kaɗai da ta haɗa ƙasashen biyu, mai tsawon kusan kilomita 1,300 daga Hasan Abdal kusa da Islamabad zuwa Kashgar a jihar Xinjiang. Ta ratsa mashigar Khunjerab mai tudun mita 4,693, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya. An shafe kusan shekara 20 ana fasa duwatsu kafin a kammala a ƙarshen shekarun 1970, aka buɗe wa matafiya na waje a 1986. Ma'aikatan Pakistan fiye da 800 da na Sin kusan 200 suka mutu a aikin, akasari saboda zaftarewar duwatsu. Akwai maƙabartar Sinawa a Danyor, kusa da Gilgit.

Hanyar ba ta da tabbas. A Janairun 2010 wani dutse ya zaftare a Attabad, ya toshe kogin Hunza, ruwa ya taru ya zama tafki, ya haɗiye wani dogon yanki na titin. Shekara biyar ana sauke kaya daga manyan motoci ana ɗorawa a kwale-kwale, har sai da aka fasa hanyoyi ta cikin dutse a 2015. Shi ya sa mafi yawan hajar da ke tsakanin ƙasashen biyu ta teku take bi, daga tashoshin gabashin Sin zuwa Karachi.

Mene ne CPEC, kuma me aka gina a zahiri?

Shiri ne na hanyoyi da lantarki da tashar jiragen ruwa da masana'antu, wanda ake kira hanyar tattalin arziki ta Sin da Pakistan. Firaminista Li Keqiang ya kawo maganar a 2013, Shugaba Xi Jinping ya ƙaddamar da shi a Islamabad a Afrilun 2015, zamanin Nawaz Sharif, da alƙawarin dala biliyan 46. Daga baya aka riƙa ambaton biliyan 62. Shi ne aka yi wa laƙabi da tutar Ziri Ɗaya da Hanya Ɗaya, shirin Sin na gina hanyoyi da tashoshi a ƙasashen duniya. Abin da jami'an ɓangarorin biyu ke cewa ya shigo ya kai kusan dala biliyan 25.

Ba daidai ba ne a ce ba a yi komai ba. Kafin 2015 manyan birane kan yi sa'o'i masu yawa a rana babu wuta, ƙauyuka kuwa abin ya fi muni, masaƙu a Faisalabad suna rufewa. An gina tashoshin kwal a Sahiwal da Port Qasim da Hub, kowace megawat 1,320, da wasu a hamadar Thar masu amfani da kwal ɗin gida, da tashar ruwa ta Karot mai megawat 720 a kogin Jhelum, da Suki Kinari, da babban layin dakon wuta daga Matiari zuwa Lahore. An shimfiɗa babbar hanyar Multan zuwa Sukkur mai kilomita 392. Jirgin ƙasa na cikin birnin Lahore, mai layin kilomita 27, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2020.

Wanda ya maƙale shi ne mafi girma: gyaran layin dogo daga Karachi zuwa Peshawar, mai tsawon fiye da kilomita 1,800, wanda asalinsa tun zamanin Turawan mulkin mallaka ne. An shafe shekara goma ana ciniki kan kuɗi da ruwan bashi. Yankunan masana'antu da aka ce kamfanonin Sin za su kwaso injinansu su dawo cikinsu ma tafiyar hawainiya suke yi, alhali su ne za su samar da aikin yi da kayan fitarwa da za a biya bashin da su.

Me ya sa ake yawan ambaton Gwadar?

Saboda a kan taswira ba ta da na biyu. Gari ne na masunta a gaɓar tekun Balochistan, kusa da iyakar Iran da bakin mashigin Hormuz. Ya daɗe a hannun Sarkin Oman, sai 1958 Pakistan ta saye shi. Sin ta ba da mafi yawan kuɗin gina tashar tsakanin 2002 da 2007, wani kamfanin Singapore ya fara gudanar da ita, sannan a 2013 aka miƙa wa kamfanin Sin, da haya ta shekara 40 da kashi 91 cikin 100 na kuɗin shiga.

Hujjar da ake kawowa ita ce Sin za ta sauke man Gabas ta Tsakiya a nan ta tura shi Xinjiang ta tudu, ta huta da fargabar a toshe mashigin Malacca, inda jiragen dakon manta ke bi. Duk wanda ya dubi lissafin zai yi shakka: tura mai ta bututu sama da mita 4,000 a kan duwatsu masu zaftarewa ya fi dakon teku tsada nesa ba kusa ba, kuma masu buƙatar man suna gabashin Sin ne, dubban kilomitoci daga Kashgar. Ba a gina bututun ba. Jiragen ruwa kaɗan ne ke tsayawa a Gwadar. Sabon filin jirgin sama da Sin ta gina kyauta a kan kusan dala miliyan 230, wanda Firaministan Sin Li Qiang da takwaransa na Pakistan Shehbaz Sharif suka buɗe daga Islamabad ta bidiyo a Oktoban 2024, na cikin mafiya faɗi a ƙasar, amma jirage 'yan ƙalilan ke sauka.

Mutanen garin kuwa ruwan sha ne damuwarsu, da wutar da ake jawo musu daga Iran, da manyan jiragen kamun kifi da ke share tekun su bar ƙananan masunta hannu rabbana, da shingayen binciken sojoji. A ƙarshen 2021 wani malami, Maulana Hidayat-ur-Rehman, ya jagoranci zaman dirshan na makonni, har da dubban mata, abin da ba a saba gani ba a yankin. Taken gwagwarmayar a ba Gwadar haƙƙinta.

Pakistan ta faɗa tarkon bashin Sin ke nan?

Bashi hanji ne, kuma na Pakistan ya girmi CPEC. Ta je wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya fiye da sau 20 tun 1958. Amma Sin ce kan gaba cikin ƙasashen da ke bin ta, da kusan dala biliyan 29 a ƙididdigar Bankin Duniya ta ƙarshen 2023, wajen kashi 22 cikin 100 na bashinta na waje.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kwangilolin lantarki. An yi wa kamfanonin alƙawarin riba da dala, kuma gwamnati za ta biya kuɗin ƙarfin tashar ko an sha wutar ko ba a sha ba, kamar wanda ya ɗauki shatar mota: ko ya hau ko ya bar ta a ƙofar gida, direba zai karɓi kuɗinsa. Darajar rupi ta faɗi, kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi, bashin da kamfanonin Sin ke bin gwamnati ya haura dala biliyan ɗaya. Sai kuma wani abin mamaki ya biyo baya. Masu gidaje da manoma da masu masana'antu suka koma sola, har Pakistan ta shigo da farantai na kusan megawat 17,000 a 2024 kaɗai, kusan duka daga Sin. Yawan masu barin layin gwamnati, yawan nauyin da ke kan waɗanda suka rage. Wato kayan Sin masu araha na karya kasuwar tashoshin da Sin ta gina da tsada.

Beijing ba ta ƙwace wata kadara ba, kuma ba ta yafe bashi ba. Abin da take yi shi ne ɗaga wa'adi shekara bayan shekara, ita da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma wannan ɗagawar na cikin abin da ya ba Pakistan damar samun rancen dala biliyan 7 daga Asusun a Satumban 2024. Wanda ke jiran a ɗaga masa wa'adi duk shekara ba ya ɗaga murya.

Me suke sayar wa juna?

Akwai yarjejeniyar ciniki ba haraji tun 2006, an faɗaɗa ta a 2020. Rinjayen na Sin ne ƙwarai: abin da take sayar wa Pakistan ya ninka abin da take saya sau da yawa. Injina, wayoyi, sinadarai, ƙarafa da kayan sola ke shiga. Zaren auduga, jan ƙarfe daga ma'adinan Saindak, shinkafa, riɗi da kifi ke fita. Masu ƙananan masana'antu a Punjab sun daɗe suna kukan cewa kayan Sin sun kashe musu kasuwa.

Akwai kuma jakai. Masu haɗa maganin gargajiya na ejiao a Sin na buƙatar fatun jakai masu ɗimbin yawa, buƙatar da ta kai har kasuwannin dabbobi na arewacin Najeriya da Nijar, ta sa Nijar ta hana fitar da jakai a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta cinikin fatun a Fabrairun 2024. Pakistan na da jakai kusan miliyan 6, kuma an buɗe mayankarsu a Gwadar don kasuwar Sin. Masu amalanken jakai a Karachi na kokawa da tsadar dabbar.

Me ya sa ake kai wa Sinawa hari a ƙasar da ke kiran su 'yan'uwa?

Ɓangarori biyu ne. 'Yan awaren Balochistan, musamman ƙungiyar BLA, na ganin Sin a matsayin abokiyar Islamabad wajen kwashe arzikin yankinsu. Su suka kai hari ƙaramin ofishin jakadancin Sin a Karachi a Nuwamban 2018, da babban otal ɗin Gwadar a 2019. A Afrilun 2022 wata mata 'yar ƙunar baƙin wake, malamar makaranta mai 'ya'ya biyu, ta tashi bam a Jami'ar Karachi, ta kashe malaman Sinanci 3 na Cibiyar Confucius da direbansu. A Oktoban 2024 an kashe Sinawa 2 kusa da filin jirgin saman Karachi. A arewa maso yamma kuwa masu iƙirarin jihadi ake zargi: Sinawa 9 sun mutu a harin motar ma'aikatan madatsar ruwa ta Dasu a Yulin 2021, wasu injiniyoyi 5 kuma a Besham a Maris 2024.

Pakistan ta ware runduna ta musamman mai dubban sojoji don gadin ayyukan. Duk da haka haƙurin Beijing ya fara ƙarewa, har jakadanta a Islamabad ya fito fili a 2024 ya ce ba za a lamunci hare-haren ba, abin da ba a saba ji daga bakin jami'in Sin ba. Beijing na son a bar ta ta kawo masu gadinta, sojojin Pakistan kuwa na ganin hakan zubar da mutunci ne.

Ina matsayin Pakistan kan Musulmin Uighur?

Tana bayan Beijing, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ƙasar da ke kan gaba wajen magana kan Kashmir da Falasɗinu ba ta cewa uffan kan Xinjiang. Imran Khan, lokacin yana firaminista, ya ce a 2021 ya yarda da bayanin da Sin ta yi masa. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a Agustan 2022 cewa tsare 'yan Uighur da sauran Musulmi da Sin ta yi a Xinjiang na iya zama laifin cin zarafin bil'adama, Sin ta yi watsi da shi tana cewa cibiyoyin koyon sana'a ne na yaƙi da tsattsauran ra'ayi. Da aka nemi a tattauna rahoton a Geneva a watan Oktoba, an kayar da ƙudurin da ƙuri'a 19 kan 17, Pakistan na cikin masu naƙi. Adalci ne a ce ba ita kaɗai ba ce. Ƙasashen Musulmi da yawa haka suka yi. Amma ita abin ya taɓa 'yan ƙasarta kai-tsaye: 'yan kasuwar Gilgit da suka auri matan Uighur sun wayi gari an tsare matansu, har majalisar yankin ta zartar da ƙuduri a 2018 tana neman a sake su.

Akwai wata alaƙa ta al'ada, ko duk ta gwamnati ce?

Tsohuwar ta fi sabuwar zurfi. Yankin Peshawar da Swat da Taxila shi ne tsohuwar Gandhara, cibiyar addinin Buddha, kuma ta nan addinin ya bi ayarin fatake ya shiga Sin. Malaman Sin irin su Faxian, wajen shekara ta 400, da Xuanzang a ƙarni na 7, sun tako da ƙafa neman littattafai, kuma da bayanan tafiyarsu masu haƙar kayan tarihi suka gano kufai da dama.

A zamanin nan akwai labarin mangwaro. A 1968 ministan harkokin wajen Pakistan, Mian Arshad Hussain, ya kai wa Mao tsarabar mangwaro. Mao ya ba ma'aikatan da ya tura Jami'ar Tsinghua su kwantar da rikicin ɗalibai. Yawancinsu ba su taɓa ganin ɗan itacen ba, suka ɗauke shi alamar ƙaunar shugaba, aka riƙa zagaya gari da shi, aka ƙera na kakin zuma ana ajiyewa cikin gilashi a masana'antu.

Yau ɗalibai ne babbar gada. A 2018 'yan Pakistan kusan 28,000 ke karatu a Sin, na uku bayan Koriya ta Kudu da Thailand, da yawansu likitanci suke karanta saboda ya fi araha. Jami'ar Peking na koyar da Urdu tun shekarun 1950. A Mayun 2024 kumbon Chang'e 6 ya tafi da ƙaramin tauraron ɗan'adam na Pakistan zuwa duniyar wata, a 2025 kuma aka amince a horar da 'yan sama jannatin Pakistan don zuwa Tiangong, tashar sararin samaniyar Sin. Sai dai ɗan Lahore mai hali har yanzu Landan ko Toronto ko Dubai yake hange, kuma ma'aikatan Sin na zaune ne a gidaje masu katanga da masu gadi, ba sa cuɗanya da jama'a. An kuma samu tabo a 2019, lokacin da kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo jerin sunayen 'yan mata 629, da yawansu daga gidajen Kiristoci matalauta, da dillalai suka aurar ga Sinawa da kuɗi.

Amurka ko Indiya na iya shiga tsakaninsu?

Pakistan ba ta taɓa sakin Amurka gaba ɗaya ba, domin can ce babbar kasuwar tufafinta, kuma muryar Washington na da nauyi a Asusun Ba da Lamuni. A Yunin 2025 Donald Trump ya karɓi baƙuncin hafsan sojan ƙasa Asim Munir a liyafar cin abincin rana a White House, daga baya aka sa hannu kan yarjejeniyar ma'adinai da wani kamfanin Amurka. A Satumban shekarar Pakistan ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Saudiyya, kuma a farkon watan Shehbaz Sharif na Beijing wurin faretin soja.

Ita ma Sin ba ta ɗaure kanta ba. Cinikinta da Indiya ya haura dala biliyan 100 a shekara, ya ninka wanda take yi da Pakistan sau biyar ko fiye, duk da arangamar da sojojinsu suka yi a kwarin Galwan a 2020. Indiya da Pakistan sun shiga Ƙungiyar Haɗin Kan Shanghai rana ɗaya a 2017, kuma Narendra Modi ya halarci taronta a Tianjin a 2025, ziyararsa ta farko zuwa Sin cikin shekara bakwai. Indiya dai na nan kan bakanta na ƙin shirin Ziri Ɗaya da Hanya Ɗaya, saboda CPEC ta ratsa Gilgit-Baltistan, yankin da New Delhi ke cewa nata ne.